Hitar ruwa ta tsaya: a gyara, a sayo irinta, ko a sauya salo gaba ɗaya?

Ranar da hitar ruwa ta daina aiki, tambayar da ke fara zuwa bakin maigida ita ce nawa sabuwa take. Tambayar ba laifi ba ce, sai dai kuɗin da ke rubuce a jikin kwali ɗaya ne kawai daga cikin kuɗaɗe uku da za su fita daga aljihu. Akwai kuɗin ɗaurawa, wanda wani lokaci yakan kai na na'urar ko ya wuce shi. Akwai kuma kuɗin wuta ko gas da za ta riƙa ci kullum har tsawon shekara goma ko fiye, kuma a gidan da ake yawan wanka da ruwan zafi wannan na ukun shi ne babba. Wanda ya duba na farko kawai ya zaɓa, sauran biyun suna nan suna jiransa a gaba.

Kafin a kai ga sayen komai ma, a tabbata hitar ta mutu da gaske. Hita mai tanki abu ne mai sauƙin gini: tankin ƙarfe da aka shafe cikinsa da wani irin fenti mai kama da gilashi, ƙarfen da ke dumama ruwan, na'urar da ke kashe wuta idan zafin ya kai inda aka saita, bawul ɗin da ke rage matsi, da wata sandar magnesiyam da aka soka a ciki. Duk waɗannan ana cire su a sa sababbi da kuɗi kaɗan, ban da tankin. Idan ruwa ya ƙi zafi, galibi ƙarfen dumamawar ne ya ƙone ko na'urar kashe wutar ta lalace. Idan ruwa na ɗiga daga bawul ko daga mahaɗin bututu, gyara ne na ɗan lokaci. Amma idan ka shafa ka ji danshin daga jikin tankin yake fitowa, ko ka ga ruwa mai launin tsatsa yana taruwa a ƙarƙashinsa, ko ruwan zafin kaɗai ke fitowa ja alhali na sanyi garau yake, to tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki. Wannan ba ya gyaruwa. Walda a jikin tankin da ke ɗauke da ruwan zafi mai matsi ɓarnar kuɗi ce, kuma haɗari ne.

Shekaru ma suna da magana. Tankin ƙarfe na yau da kullum yakan yi shekara 8 zuwa 12. A jikin kowace hita akwai takardar da ke ɗauke da lambarta, kuma yawanci ana iya gane shekarar da aka ƙera ta daga nan. Mai shekara uku ko huɗu ta cancanci gyara. Mai shekara goma da ta fara gurnani tana tafarfasa kamar ana kaɗa tsakuwa a cikinta, ko an canza mata ƙarfen dumamawa yau, wata matsalar na tafe, kuma kuɗin mai gyara sau biyu ko uku ya isa ya zama wani kaso mai kyau na kuɗin sabuwa.

Lissafin da ya kamata a fara yi

Dumama ruwa ba ya karɓar wayo. Lita ɗaya ta ruwa tana bukatar kusan wat-awa 1.16 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, ko da wace irin na'ura aka yi aikin. Daga wannan adadi komai ke fitowa. A ɗauki gida mai mutum biyar, kowa yana amfani da lita 40 na ruwan ɗumi a rana, ruwan famfo yana shigowa da digiri 20, ana so ya kai 40. Lita 200 ke nan sau digiri 20 sau 1.16, wato kusan yunit 4.6 a rana, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. A shekara ya kama kusan yunit 1,700, a shekara goma 17,000. Ɗauko takardar kuɗin wutarka, ka ga nawa ake sayar maka da yunit ɗaya, ka ninka. Abin da ya fito ka ajiye shi kusa da farashin hitar da kake tunanin saye. Mutane da yawa a nan suke fara gane cewa sun daɗe suna ciniki a kan ƙaramin kuɗi suna barin babba. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa dumama ruwa yana cin kusan kashi 18 cikin ɗari na makamashin da gida ke amfani da shi a can, shi ne na biyu bayan dumama da sanyaya ɗakuna.

Gidan mutum biyu da ba sa taɓa ruwan zafi sai a watannin sanyi, lissafinsu zai fito ɗan mitsitsi, kuma a wurinsu farashin saye da ɗaurawa ne abin dubawa. Shi ya sa shawarar da ta yi wa maƙwabcinka daidai tana iya zama asara a gare ka.

Mai tanki ta lantarki

Ita ce mafi arha a saye, kuma idan irinta ce ta mutu, ita ce mafi arha a ɗaura, domin bututu da waya da wurin ratayewa duk suna nan. Ƙarfen dumamawarta yawanci wat 1,500 zuwa 2,000 ne a ƙananan da matsakaita, abin da wayar gida ta yau da kullum ke ɗauka ba tare da wahala ba. Ba ta damu da ƙarfin ruwa sosai ba. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, tana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: ruwan da ta dumama da dare yana nan da ɗuminsa da safe.

Inda ake yawan kuskure shi ne girma. Tanki mai lita 50 da aka kai digiri 60, idan aka surka shi da ruwan sanyi mai digiri 20, a lissafi zai ba da lita 100 na ruwan wanka. A zahiri bai kai haka ba, saboda yayin da kake ɗibar na zafi ta sama, na sanyi yana shiga ta ƙasa yana gauraya. Shawa mai zubar da lita 8 a minti ɗaya, wankan minti biyar ya cinye lita 40. Ke nan mutum biyu za su yi wanka a jere cikin daɗi, na uku sai ya jira. Jiran kuma ba kaɗan ba ne: maido da lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 2.3, wanda ke ɗaukar kusan minti 70 da ƙarfe mai wat 2,000, ko awa ɗaya da rabi da mai 1,500. Wanda ya sayi ƙarama don ya rage kuɗi, kowace safiya sai an yi rigimar wa zai fara shiga. Wanda kuma ya sayi ƙatuwa fiye da bukatarsa, yana biyan kuɗin dumama ruwan da ba wanda zai taɓa, ga zafin da ke sulalewa ta jikin tanki dare da rana. Wannan sulalewar tana iya kai yunit ɗaya a rana a matsakaicin tanki, ta fi haka a babba ko mai siririn rufi. Idan hita biyu suna gabanka masu lita ɗaya, ɗaya ta fi ɗaya kauri da nauyi da ɗan tsada, sau da yawa bambancin rufin da ke riƙe zafi ne, kuma ya cancanci kuɗinsa.

Sandar magnesiyam ɗin nan ita ce sirrin tsawon ran tanki, kuma ita aka fi mantawa da ita. An sa ta ne don tsatsa ta ci ta maimakon ta ci tankin. Duk wanda ya taɓa ganin an zaro tsohuwa ba zai manta ba: sandar da ta shiga da kaurin babban yatsa, santsi, fara tas, sai ta fito a zagwanye, duk ramuka, wani wurin ba abin da ya rage sai siririyar wayar ƙarfen da ke tsakiyarta. Daga ranar da ta ƙare, tankin ne abinci. Duba ta duk shekara biyu ko uku da canza ta idan ta cinye ba wani kuɗi ba ne, amma yana iya ƙara wa hita shekaru. Kamfanoni da dama ma sun sa wannan a cikin sharaɗin garantinsu, kuma a nan ne ake samun saɓani: garantin da aka rubuta da manyan baƙaƙe na tanki ne kaɗai, kayan lantarkin ciki nasu ya fi gajarta. A karanta takardar tun kafin a biya.

Marar tanki ta lantarki

Wannan ƙaramar akwati ce da ake mannawa a bango, tana dumama ruwa yayin da yake wucewa. Ba ta ajiye komai, don haka ba zafin da ke sulalewa, ba jira, ba ta cin wuri. A shago takan yi kama da mafita ga kowa. Matsalarta tana cikin bango, inda mai saye ba ya gani.

A koma ga lissafin ɗazu. Don ruwa mai gudun lita 6 a minti ya ƙaru da digiri 20 nan take, ana bukatar kusan wat 8,400. Ƙananan da ake sayarwa masu wat 3,500 ba za su iya wuce lita biyu da rabi a minti ba a wannan zafin, wanda ya isa wanke hannu da kwanuka amma wanka da shi sai haƙuri. Idan kuma lokacin sanyi ya yi, ruwan famfo ya sauko digiri 10, babba mai wat 8,500 ma lita 4 kawai za ta iya bayarwa a minti. Mai wannan ƙarfin, a wutar bolt 230, tana jan amfiya kusan 37. Soket ɗin ɗaki ba zai ɗauka ba, wayar tsohuwar hita mai tanki ma ba za ta ɗauka ba. Sai an ja sabuwar waya mai kauri, mai murabba'in milimita 6 ko 10 gwargwadon nisa da yadda aka binne ta, tun daga akwatin rarraba wuta har banɗaki, da birekarta ita kaɗai, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan nauyi ya yi yawa. Wani gidan ma wutar da ke shigo masa gaba ɗaya ba ta kai ta ɗauki wannan tare da sauran kaya ba. Fasa bango, jan waya, yaɓe da fenti, duk suna shiga lissafi, sai ka ga na'urar da ta fi arha a shago ta koma mafi tsada a gida. Wanda ke dogara da janareto ko batir na sola kuwa, ya cire ta daga tunaninsa.

Sai ƙarfin ruwa. Irin wannan hita ba ta kunna kanta sai ta ji ruwa yana gudu da wani ƙarfi. Tsayin mita 10 ne ke ba da matsi na bar ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa, don haka tankin da ke sama da kan shawa da mita uku kacal yana ba da kusan kashi uku cikin goma na bar. Wasu hitocin ba za su motsa da wannan ba sai an ƙara musu famfon tura ruwa, wani kuɗin ke nan.

Ban ce ba ta da wurinta ba. Ɗaki mai mutum ɗaya ko biyu, banɗakin baƙi da ba a shiga sai jefi-jefi, gidan da wayarsa sabuwa ce mai ƙarfi kuma wuta tana tsayawa, a nan ta fi tanki nesa ba kusa ba. Abin da ba za ta yi ba shi ne rage kuɗin wuta da yawa a gidan da ake amfani da ruwan zafi sosai. Yunit 4.6 ɗin nan na kullum sai an biya shi. Abin da ta cece ka daga gare shi zafin da ke sulalewa daga tanki ne kawai.

Ta gas

Ƙarfinta shi ne gudu. Hitar gas marar tanki da aka rubuta wa lita 10 a minti tana ba da zafi kusan kilowat 17, ninki biyu na babbar ta lantarki, ba tare da ta taɓa wayar gida ba, wasu ma da batir ƙanana suke kunnawa. Idan ana kula da ita tana iya kai shekara 15 zuwa 20. Ko ta fi arha wajen amfani kuwa, wannan ya rataya a kan farashin gas da na wuta a inda kake. Kilo ɗaya na gas ɗin tukunya yana ɗauke da kusan yunit 13, kuma hita ta yau da kullum tana kai kusan kashi 80 cikin ɗari na wannan zafin cikin ruwa, sauran ya bi hayaƙi. Ke nan kilo ɗaya yana yin aikin yunit 10 da ɗoriya na lantarki. Gidan mutum biyar ɗin nan zai ci kusan kilo 160 a shekara. Kwatanta kuɗin kilo ɗaya da kuɗin yunit 10, amsar tana nan.

A nan nake so a tsaya a saurara da kyau. Hitar gas ta farko da aka yi wa rajista, wadda wani mai fenti Benjamin Waddy Maughan ya ƙera a Landan a 1868, ba ta da bututun fitar da hayaƙi, kuma wannan ne ya sa ta zama haɗari ga masu wanka. Har yau haɗarin bai canza ba. Gas ɗin da ya ƙone a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum yana wanka a rufaffen banɗaki sai ya ji kansa ya yi nauyi, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi, ba wanda ya sani a waje. Hitar gas mai buɗaɗɗen wuta ba a ɗaura ta cikin banɗaki ko ɗakin kwana. Ko dai a waje, ko a sayi irin wadda ke rufe ruf tana shaƙo iska daga waje tana mayar da hayaƙinta waje. Kuɗin bututun hayaƙi, bututun gas na ƙarfe ko tagulla, ƙwararren mai ɗaurawa da na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iskar, duk cikin farashin hitar suke. Wanda ba zai iya biyansu ba, to bai iya sayen hitar gas ba tukuna.

Mai zuƙo zafi daga iska

Wannan firji ce da aka juya: firji tana kwashe zafi daga cikinta ta watsar a ɗaki, ita kuma tana kwashe zafi daga iskar ɗaki ta zuba a cikin tankin ruwa. Tunda ɗauko zafin take yi daga wani wuri, yunit ɗaya na wuta yana ba da zafin yunit biyu zuwa uku, wani lokaci fiye da haka idan iskar wurin tana da ɗumi. Yunit 1,700 na shekara sai ya koma tsakanin 570 da 850. Wutar da take ja a lokaci ɗaya ma kaɗan ce, 'yan ɗaruruwan wat, don haka ita ce ta fi jituwa da gidan da ke da sola ta lantarki.

Farashinta ya ninka na mai tanki ta yau da kullum, sau da yawa fiye da sau biyu. Tana bukatar fili mai iska, ba a cusa ta a ƙaramin kabad. Tana ƙara kamar na'urar sanyaya ɗaki, tana sanyaya wurin da take, tana zubar da ruwan raɓa da sai an yi masa hanya, kuma tana da jinkirin dumamawa, shi ya sa tankinta yake zuwa babba. Tambayar da nake ganin ta fi muhimmanci ita ce ko akwai wanda ya iya gyaranta kusa da kai, da kayan gyaran. Na'ura mai kwamfureso, wato injin irin na firji, da allon lantarki idan ta tsaya, mai gyaran famfo ba zai iya mata komai ba.

Ta hasken rana

Tsohuwar dabara ce. Clarence Kemp ya yi wa ta kasuwa ta farko rajista a Baltimo ta Amurka a 1891, Isra'ila ta wajabta ta a yawancin sababbin gidaje tun 1980, a Saifurus da Girka kuma da wuya ka ɗaga kai ba ka ga tanki a kan rufi ba. Mai sauƙin cikinsu ba ta da famfo ba ta da waya: rana ta dumama ruwan da ke cikin faranti ko bututun gilashi, ruwan zafi ya hau tankin da ke sama da kansa, na sanyi ya sauko. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce tana rage kuɗin dumama ruwa da kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari, a ƙasashe masu rana sosai kuma ana kaiwa ƙarshen wannan adadi cikin sauƙi. Takan yi shekara 15 zuwa 20.

Tsadarta a farko take, kuma ba a na'urar kaɗai ba. Tanki mai lita 200 cike da ruwa, da ƙarfensa da ƙafafunsa, yana dosar kilo 300, sai rufin da zai iya ɗauka ko a gina masa mazauni. Bututun da zai sauko daga rufi zuwa banɗaki sai an naɗe shi da abin riƙe zafi, in ba haka ba ruwan ya huce a hanya. Ruwanta ya fi zafi da yamma, mai wankan asuba yana amfani ne da abin da tanki ya riƙe cikin dare. Kwana biyu ko uku na hadari sai an koma ga ƙarfen lantarkin da ake sakawa a ciki don irin wannan rana. Ƙura tana rage mata ƙarfi idan ba a goge ta. A tsakiyar zafi kuma, musamman mai bututun gilashi, ruwanta yana iya kusantar tafasa, don haka bawul ɗin da ke surka shi da na sanyi kafin ya iso famfo wajibi ne, balle a gidan da ke da yara ko tsofaffi. Ɗan haya da mazaunin bene mai hawa da yawa, yawanci wannan ba tasu ba ce.

Yaushe tsada take biyan kanta

Hanyar ganewa ɗaya ce ga ta hasken rana da mai zuƙo zafi. Ɗauki abin da za ka ƙara a kan kuɗin hita mai tanki, har da ɗaurawa, ka raba shi da abin da za ka rage a kuɗin wuta na shekara. Abin da ya fito shi ne shekarun da za ta ɗauka kafin ta maido maka da kuɗinka. Idan ya fito uku ko huɗu kuma gidan naka ne, ka saya ba tare da dogon tunani ba. Idan ya fito goma sha biyu, na'urar tana iya mutuwa kafin ta biya. Babban iyali, wuta mai tsada da zama na dindindin su ne ke gajarta wannan lokaci. Ƙaramin iyali, amfani na 'yan watanni da shirin tashi su ne ke tsawaita shi.

Ra'ayina shi ne, yawancin gidajen da hita mai tanki ta mutu, musamman idan ta mutu ba zato ana bukatar ruwa gobe, maye gurbinta da irinta mai kyan rufi kuma daidai girman iyali shi ne ya fi hankali. Sauya salo aiki ne da ake shiryawa tun tsohuwar tana da rai, a auna waya, a auna ƙarfin ruwa, a karɓi farashi daga mutum biyu ko uku. Gida mai mutum biyar zuwa sama da ke wanka da ruwan zafi duk shekara, shi nake ganin yana asara idan bai duba ta hasken rana ko mai zuƙo zafi ba. Marar tanki ta lantarki kuwa ita na fi jin tsoron a saya da gaggawa, don ita ce ta fi ɓoye kuɗinta.

Akwai abin da ke shafar dukkansu: irin ruwan gidan. Ruwa mai yawan sinadarin kalsiyam, kamar na rijiyoyin burtsatse da dama, yana barin farin dasashi a duk inda aka dumama shi. Ƙarfen dumamawar da aka zaro daga irin wannan tanki yakan fito a lulluɓe da farin ɓawo mai kauri, yana ɓantarewa a hannu kamar busasshen yumɓu, a gindin tankin kuma a kwashe cikin bokiti. Ɓawon yana hana zafi fita, ƙarfen ya yi ta ƙuna har ya fashe. A tanki, zubar da ruwan gindi sau ɗaya a shekara yana taimakawa. A marar tanki, ta gas ko ta lantarki, hanyoyin ruwan sirara ne, suna toshewa da wuri, sai an riƙa wanke su da ruwan tsami na musamman. Mai irin wannan ruwa ya sa kuɗin wankin shekara-shekara a lissafinsa, ko ya nemi tankin da ƙarfen dumamawarsa ke cikin kube ba ya taɓa ruwa.

Wajen ɗaurawa, arha ba ta ado. Ka nemi a rubuta maka farashin dalla-dalla: cire tsohuwa da kwashe ta, sabon bawul ɗin rage matsi, bututun haɗi, waya, bireka, aikin hannu. Kada a mayar da tsohon bawul a kan sabuwar hita, kada kuma a toshe bakinsa don yana ɗiga. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 2 cikin ɗari idan aka dumama shi, ɗigar nan ita ce hanyar da matsin ke fita, kuma tankin da na'urar kashe wutarsa ta lalace alhali bawul ɗinsa a toshe yake yana iya fashewa da ƙarfin da zai rushe bango. A sa masa bututu ya kai ruwan magudana. Wayar ƙasa dole ce, haka ma bireka mai gane zubar wuta, mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta kafin ta kama mutum jiƙaƙƙe. Tanki mai lita 80 cike ya haura kilo 100, don haka bango da kusoshin da za su riƙe shi a duba su da idon basira.

Zafin da za a saita ma yana da iyaka ta ɓangare biyu. Ƙwayar cutar lijiyonela mai kawo ciwon huhu, wadda aka gano bayan ɓarkewar da ta yi a Filadelfiya a 1976, tana yaɗuwa a ruwan ɗumi mai digiri 20 zuwa 45, shi ya sa ake ba da shawarar ajiye ruwan tanki a digiri 60. Amma ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta yaro ma ta fi saurin ƙonewa. Maganin shi ne tanki ya zauna a 60, a sa bawul mai surkawa a bakin fitarsa. Wuce 60 ba ya ƙara komai sai kuɗin wuta da farin dasashi.

Ranar da aka gama ɗaurawa, ka tsaya a wurin. A buɗe famfon ruwan zafi a bar shi har iska ta gama fita ruwa ya zubo ba yankewa, sannan a kunna wuta, domin ƙarfen da aka kunna a busasshen tanki yana ƙonewa nan da nan kuma garanti ba ya biyan wannan. A ɗaga hannun bawul a ga ruwa ya fita, a danna maɓallin gwajin bireka a ga ta yanke. Sannan ka rubuta ranar da alƙalami a jikin hitar, ka adana rasit da takardar garanti wuri ɗaya, ka sa wa kanka lokacin da za a zaro sandar magnesiyam a duba.